Garina da hadari baya haduwa

Muna zaune cikin mota a tashar Birnin Kudu, ana jiran cikon mutum biyu mu tafi Gwaram, ina ta danna waya kamar gwamna. Ai gwamnan ne ma. A gem din da nake bugawa gari guda nake mulka a wata duniya can bayan taurari, kuma wlh duk Jigawa babu mai irinsa. Ga asibiti, ga masana'antu, wuta bata daukewa.

Amma mutanena sun dena murna. Layin farin cikinsu yayi ja, saura kiris suyi bore in rasa ginin wata uku.

Wani dattijo manomi dan Basirka dake gefena ya leko, na zuba mai bayani harda kari.

Yace, "Dan nan, ana ruwan sama a can?"

Nace, "Haba Baba, rufin gilashi garesu. Ba zafi ba sanyi, abinci kullum a shirye."

Sai yace, "To me suke jira? Mu ranar da muka hango hadari a gabas har tuwo yafi dadi."

Take na rushe babbar masana'antata na dasa lambu mai yayyafi a gurin. Kafin Gwaram layin ya fara komawa kore. Na lumshe ido ina hangosu tsaye cikin yayyafi, hannuwa a bude, hancina cike da kamshin kasar gonarmu ta Sundimina ranar ruwan farko.

Dabarar dai tawa ce, Baba tayani yayi.

Ku fa, me kuke jira da yake saku murna?