Ƙofofin Baba Magini

Baba Magini bai yafe wa masu ƙidaya ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Shekara goma sha biyu ke nan da suka shigo garin da alli da takardu, suka ce duk garin da ya kai gida ɗari biyu za a gina masa asibiti. Shi ya yi musu jagora, tunda rabin katangun garin aikin hannunsa ne. Suna tafe suna zana lamba, ƙofa ɗaya gida ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa babbansu, "bayan ƙofar nan fa mutum arba'in ne, har da jikoki."

Babban ya ce takardarsa ba ta da gurbin jikoki.

Ƙofa tamanin da uku suka samu. Asibiti ya tafi bakin titi, tafiyar awa biyu, inda kowane shagon faci da ɗakin haya ke da ƙofarsa. Wannan wane irin rainin hankali ne?

Matarsa tana fama da asma. Duk sanda ciwon ya tashi, sai a ɗora ta a babur, shi yana riƙe da ita ta baya, tana jan numfashi da ƙyar. Baƙin ciki ya sa ya ɗauki guduma. Ya bi gida-gida yana fasa katanga, yana kafa ƙofa kyauta. Maƙwabta suna yi masa tsiya, wai ɓarayi sun gode. Ko kallonsu bai yi ba, har ƙofofin garin suka kai ɗari biyu da sha ɗaya.

Matar ba ta iya jira ba. Ta rasu a kan bencin asibitin bakin titi, ana cikin rubuta mata kati.

Bara masu ƙidaya suka dawo, ba alli a hannunsu. Wata jami'a ta buɗe kwamfuta, ta ce yanzu an daina ƙirga ƙofa, rajistar marasa lafiya ake dubawa, a ga inda buƙata ta fi yawa. Garinsu ba shi da ko mutum ɗaya a rajistar, saboda haka can bakin titi za a ƙara ɗakuna. Ashe duk wanda ya je, mai rubuta kati sai ya sa shi a matsayin ɗan bakin titi, don kada ya wahalar da kansa da tambaya.

Baba Magini ya faɗi sunan matarsa. Jami'ar ta duba, ta samu.

"Ga ta nan, Allah ya jiƙanta. Amma Baba, ai ba 'yar garinku ba ce."