Shirun Akanisi

Duk danginmu babu wanda ya kai Peniasi Ravula son kujera. Tun yana ɗan shekara shida, in an shimfiɗa tabarma za a ci rogo da kifi, shi sai ya kife bokiti ya hau. Yana jariri ubansa ya baro tsibirin Kadavu da shi ya zo birnin Suva aikin tashar jiragen ruwa, kuma bai ƙara taka tsibirin ba. Ya yi karatu har takardunsa suka fi shi nauyi, ya auri malamar asibiti, ya ajiye tumbin da ke riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Da ya kai hamsin aka ba shi shugabancin ofishin sauraron ƙorafi, inda tsofaffi da naƙasassu ke zuwa ɗaukaka ƙara in an yanke musu tallafin gwamnati.

A faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Wani ya taɓa kawo masa kwandon ƙaguwa, ya bi shi da shi a guje har tashar mota ya mayar masa. Abin alfaharinsa wani allo ne da ya sa aka kafe saman kujerarsa: KOWA YA FAƊI DA BAKINSA. Zama uku ake yi wa mai ƙara. In na ukun ya wuce ba a ji hujjarsa ba, an rufe fayil ke nan, ko waye ubansa.

Wata Laraba aka shigo da wata dattijuwa mai ƙafa ɗaya, ciwon suga ya ci ɗayar. Akanisi Vuli, in ji takarda, daga Kadavu, kwana guda a jirgin ruwa. An tsayar mata da tallafi saboda wai tana da gonar kava, saiwar nan da ake jiƙawa a sha, da sunanta. Ta shigo tana dogara sanda, ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya, sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango.

"Mama, muna jin ki," in ji Peniasi.

Shiru.

"Gonar nan taki ce ko ba taki ba ce?"

Fanka kawai ke magana a ɗakin. Mataimakiyarsa, Madam Sarojini, ta matso ta raɗa masa, "Yallaɓai, ko in gwada ni da ita mu biyu?"

"Madam, waye mai saurare a nan?" Ya nuna mata allon da biro, ya rubuta a fayil: ta ƙi magana.

Bayan wata guda ta sake hawo jirgin, ta sake ba shi ƙeya. Ranar ya makara bai karya ba, ya buga tebur har kofin shayi ya yi tsalle. "Baiwar Allah, in ba ki da baki, me ya kawo ki? Akwai mutane a layi!" Ta sa gefen zane ta share ido, ba ta juyo ba. Ya sake rubuta layin nan nasa, har da jan layi a ƙasa.

Ranar Asabar ya shiga kasuwa sayen gwaza, ya faɗa hannun taubashiyarsa Salanieta, wadda muryarta ke kaiwa har tashar jirgi in iska ta yi daidai.

"Ga alƙalin alƙalai! Ku matsa, tumbi ya iso, mai shi na tafe!"

"Sala, ba ni gwaza, ki bar surutu."

"Surutu ai kai kake nema, an ce har tebur kake bugawa a yi maka shi. Kai kan kwakwa, wa ka sa kuka ran Laraba?"

"Aikin ofis ba na kasuwa ba ne."

"To na gida ne. A ɗakina take kwana in ta zo. Ta rantsar da ni kada in faɗa, wai kada a ce ta zo neman alfarma. Ni kuwa rantsuwata ba ta wuce wata guda." Ta ajiye wuƙarta. "Vuli sunan mijinta ne. Ubanta Viliame Ravula, wan babanka uwa ɗaya uba ɗaya. Yayarka ce, shashasha. Da wane bakin za ta yi maka magana?"

Gwazan da ya ɗauka ya zube daga hannunsa. Ko ɗan birni irinsa ya san wannan: mace da ɗan'uwanta namiji, in sun girma, ba sa haɗa ido, ba sa magana sai ta bakin wani. A Suva an daɗe da sakin abin, a ƙauyensu kuwa yana nan daram. Matar nan girmama shi take yi, shi kuma yana rubuta mata taurin kai. Masu kasuwa sun rantse cewa a wurin ya rame, har sai da ya riƙe zanensa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, da hannu kada ya faɗi.

Kwana biyu yana ta juya maganar a ransa. Zama ɗaya ya rage mata. In ya yi shiru ya sake hawa kujerar, ba za ta yi magana ba, fayil zai rufu. In ya janye, doka ta ce sai ya rubuta dalili, ma'aikata su karanta.

Ranar Litinin ya tara su. Mutumin da ke jawabin awa guda kan yadda ake jera fayil, yau sai gyaran murya yake yi.

"Matar nan ta Kadavu," ya ce yana kallon takalminsa, "'yar'uwata ce. Ban san ta ba. Ita ta san ni." Ya miƙa wa Sarojini fayil ɗin. "Ki soke abin da na rubuta sau biyu. Ba ƙi ta yi ba."

Sarojini ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar zama na uku ya fito ya zauna a bencin waje cikin masu jira, karo na farko a rayuwarsa. Wani tsoho mara haƙori ya zungure shi. "Kai ma sun yanke maka? Yi addu'a kada ka faɗa hannun mai tumbin nan. An ce har gurguwa yake yi wa tsawa."

"Haka na ji," in ji Peniasi.

Sai ga murya ta bango. Ashe Akanisi baki gare ta kamar rediyo sabon batir. Ta faɗi yadda guguwa ta kwashe gonar, yadda ƙannen mijinta suka karɓe filin bayan rasuwarsa suka bar sunanta a takarda, ta kawo shekara da wata da sunan wanda ya yi shaida, har ta gyara wa magatakarda rubutu. Awa biyu cur. Duk wannan yana cikinta ranar da ya buga mata tebur. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta huta a kan tumbi.

Ƙofa ta buɗe. Sarojini ta ɗaga masa gira, alamar an mayar da tallafin. Akanisi ta fito ta tsaya daidai bencin, fuskarta na kallon taga, ta ɗan ɗaga sandarta.

"Sandata," ta ce, "ki gaya wa mai wurin nan ni na goya shi har bakin jirgi ranar da suka tafi. Ya jiƙa mini baya sharkaf. Ban kai ƙara ko'ina ba."

Bencin ya fashe da dariya. Tsohon nan ya dubi tumbin, ya dubi fuskar, ya ja jiki can ƙarshe. Peniasi ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya tuna yanzu shi ma ba shi da izini. Ya rufe.

Ya ɗauki jakarta ya bi ta a baya, taku goma tsakaninsu, ta tsakiyar kasuwa har tashar jirgi, cikin rana, Salanieta na bin su tana shelar ga yallaɓai ya koma dako. Washegari aka ga allon nan jingine bayan kabad, rubutunsa na kallon bango.