'Yar Hayar Kawu Fenti

Kawuna mai rubuta alluna ne. Duk shagon da ke layinmu, daga na tela har na mai faci, rubutun da ke goshinsa aikin hannun Kawu ne. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kawu Fenti kowa ke ce masa, har matarsa Inna idan ranta ya ɓaci. Mutum ne mai son a san da zamansa, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya tsufa yana rubuta sunayen mutane da manyan baƙaƙe, wani sunan ma ya fi shagon girma, amma nasa bai taɓa hawa bango ba. Ya taɓa gwada saƙala shi a ƙasan allon mai kemis, mai kemis ya sa aka goge, wai kada jama'a su ɗauka sunan magani ne.

A bayan shagonsa, inda yake wanke burushi, akwai tsohon bahon wanka, a ciki kuma akwai kififiya. Ya tsince ta tun ban yi wayo ba, ranar da rafin bayan unguwa ya yi ambaliya ya turo ta har bakin ƙofa, ba ta fi tafin hannu ba. Ya sa mata suna 'Yar Haya, saboda ta shigo ba sallama kuma ba ta da niyyar tashi. Kullum sai ya canza mata ruwa kafin ya karya kumallo, ya je wurin mai kifi ya roƙo mata hanji. Idan ya ƙwanƙwasa bakin bahon da gindin burushi sai ta miƙo wuya, shi kuma ya zauna a kan gwangwanin fenti ya kwashe gulmar layi kaf ya juye mata. Inna takan ce da ita ake ba rabin labarin da ake ba dabbar nan, da ta san halin da gidanta ke ciki.

Wata rana wata malamar jami'a mai binciken dabbobin ruwa, wadda ake kira Dakta, ta zo a rubuta mata allon ƙofar ofis. Tana jiran fenti ya bushe sai ta ji motsin ruwa. Ta leƙa, ta cire tabarau, ta mayar, sannan ta tattare hannun riga ta ɗauko 'Yar Haya ta juya ta rigingine. Ta danna ƙoƙon ƙirjinta, ya rufe kamar murfin akwati. Ta duba zanen da ke kanta da 'yan gashin haɓarta, ta auna ta gaba da baya da abin awon tela. Kawu na tsaye yana ta ba da haƙuri, wai ba ta saba da baƙi ba. Kafin Dakta ta tafi sai da ta ɗebi jinin dabbar a sirinji, ta manta da allonta a jingine.

Da ta dawo bayan wasu watanni, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta ce gwajin jini ya nuna wannan ba irin kififiyar da aka sani ba ce. Tun zamanin da, masana sun haɗa ta da wata mai kama da ita sun sa musu suna ɗaya, ashe ko dangi na kusa ba su ba ne. Tunda sabuwa ce a littafi, dole a raɗa mata suna, kuma wanda ya yi binciken yana da ikon ya ba ta sunan wanda ya ga dama. Dakta ta ce sunan Kawu za ta sa, kuma muddin akwai ilimi a duniya ba mai goge shi.

Abin nema ya samu. Kawu ya daina amsa Fenti. Ya sayi jakar hannu irin ta malamai, ba komai a ciki sai tsumman goge hannu. Ya gaya wa tela cewa nan gaba yaran ƙasashen waje sai sun haddace sunansa kafin su ci jarrabawa. Mai kemis kuwa, gaisuwa ma sai da ta koma ta ɗaga gira. Ni kaina na sha jawabi har kunnena ya yi zafi, kuma ban ɓoye masa ba, na ce Kawu, ita dai dabbar nan ba ta san ta zama sabuwa ba, hanjin kifinta take ci kamar jiya.

Sai ga inda gizo ke saƙar. Wani babban Farfesa a kwamitin da ke duba irin wannan aiki ya ce shi bai yarda da hoto da ɗigon jini ba. Ƙa'idar da ya gada ita ce, duk sabon nau'i sai an ajiye guda ɗaya a kwalba cikin ruwan magani, domin na baya su riƙa gwada nasu da ita. Dakta ta fita neman wata a rafin da aka tsinci 'Yar Haya, ta tarar babu rafin. An cike shi an jera shaguna, kuma allunansu duka Kawu ne ya rubuta.

Ba ta yaudare shi ba, wannan zan shaide ta. Ta zauna a kan gwangwanin fentin nan ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, idan na ɗauke ta ba za ta dawo ba. Allura za a yi mata. In ka ce a'a, wallahi ba zan ga laifinka ba, sai dai maganar suna ta tsaya."

Kawu ya dubi bahon, ya dubi bakin titi inda tela da mai faci suka yi kamar suna aiki.

"Kuma sunan ba a gogewa?"

"Ba a gogewa."

Abin mamaki, Inna da ta shekara da shekaru tana mitar ƙarnin bahon ita ce ta ce ba ta yarda ba. Ta ce masa wanda ya ci ya sha a hannunka amana ne, ko da ƙoƙo ne a bayansa. Kawu ya ce mata ba ta san ilimi ba. Gaskiyar magana ita ce ya riga ya cika baki a layi, kuma kunyar mutane ta fi masa nauyi. Da safe ya canza ruwa, ya ba ta hanji mai yawa, ya naɗe ta a sabon tawul ya miƙa. Na ji haushinsa ranar, har yau ban gama hucewa ba.

Suna dai ya fito, Dakta ta cika alkawari. An buga shi a wata mujalla da ba wanda ya taɓa gani a layinmu, an murɗa shi an ƙara masa wutsiya irin ta masana, har tela ya ce ashe mai kemis ya yi gaskiya, da maganin tari ya yi kama.

Ni na raka Kawu jami'a ya ga abinsa. Aka sauka da mu wani ɗaki a ƙasa, mai sanyi da warin asibiti, kantoci cike da kwalabe. Ga 'Yar Haya can tsakanin wani ƙadangare da wasu kwaɗi, wuyanta a miƙe, launinta ya koɗe. Takardar da ke jikin kwalbar ba ta fi kwalin ashana ba, kuma inji ne ya buga. Kawu ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce haruffan sun matsu, ba su da numfashi. Ya nemi a bar shi ya rubuta babban allo kyauta, mai kula da ɗakin ya ce ba a shigo da fenti, kuma dama ba kowa ake bari ya shigo ba. Har mun juya sai Kawu ya koma, ya zaro biro ya ƙwanƙwasa kwalbar da gindinsa. Mai kula da ɗakin ya ce a daina taɓa kayan gwamnati.

Muka dawo gida. Jakar malaman nan Inna ce ke zuba allura da zare a ciki yanzu, kuma ya koma amsa Fenti ba gardama. Bahon yana nan, Inna ta hana a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. A samansa Kawu ya kafa allo, shuɗi da ruwan zinariya, wanda duk layin an yarda bai taɓa yin mai kyansa ba. 'Yar Haya kawai aka rubuta. Na duba ƙasan allon da kyau, inda ya saba neman wurin saƙala sunansa, na tarar ya bar shi fili.