Gidanmu na Hawa na Huɗu

Shekara guda bayan Hong Kong ta koma hannun China na yanke shawarar sayen gida a Guangzhou. Lokacin ina aikin tafinta. Karatu ne ya kai ni ƙasar tun ina saurayi, da na gama sai na zauna ina raka 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi, in shiga da su kasuwar Shisanhang su zaɓi riguna, ko in kai su Xintang inda ake ɗinka wandon jins. Ɗaki ɗaya nake haya, wanda in zan shimfiɗa dardumar salla sai na ɗora kujera a kan gado. Matata tana Kano. Ta gaji da wasiƙa da wayar ranar Juma'a, ta ce ko in samar mana wurin zama, ko in tattaro in dawo gida.

A wancan zamani ba kowane gini aka yarda baƙo ya saya ba, akwai waɗanda aka ware. Wannan ya rage mini wahala, don gidajen da zan duba ba su da yawa. Na ɗauka aikin mako ɗaya ne.

Kuskurena shi ne na faɗa wa wani abokina ɗan China, mai shagon ɗinkin jins a Xintang. Lawban muke ce masa, wato maigida, shi ma haka yake ce mini. Mutum ne gajere mai yawan dariya. Da ya ji, sai ya ajiye almakashin da ke hannunsa.

"Lawban, wa zai duba maka gidan?"

"Ni mana. Ina da ido."

"Ido yana ganin fenti ne kawai," in ji shi. "Zan zo maka da mahaifiyata."

Ranar Asabar ya iso da motarsa, tsohuwar tana kujerar baya. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, ta rungume wata jaka a cinya. Yaren Guangzhou kaɗai take ji, ni kuma na Beijing na koya a makaranta, don haka ranar sai ga tafinta ana yi masa tafinta. A cikin jakar akwai wani faifan katako ja, cike da rubutu zagaye-zagaye, da allurar kamfas a tsakiya. Da shi take duba abin da suke kira feng shui, ma'anarsa iska da ruwa. A ganinsu, yadda gida ya zauna da inda ƙofarsa ta kalla su ke jawo lafiya da arziki ko su kore su. Na ce wa Lawban mu arziki a wurin Allah muke nema. Ya ce ba laifi, ai duba kawai za ta yi, ba za ta hana Allah ba ni ba. Na ga ba zan iya mayar da tsohuwa gida ba bayan ta taso tun daga Xintang, sai na shiga mota muka tafi.

Dillaliyar gidajen wata budurwa ce mai tarin mukullai da saurin tafiya. Gida na farko da ta kai mu ya burge ni: sabon fenti, tayil mai ƙyalli. Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta nuna tagar falo da ke daidai saitin ƙofar, ta faɗi kalma biyu.

"Me ta ce?"

"Ta ce abin da ya shigo ta nan, ta can zai fita," in ji Lawban. "Ba za ka tara komai ba."

"Ka ce mata iska nake so ta shigo. Garin nan zafi gare shi."

Bai ma fassara ba. Tuni ta juya tana sauka.

Na biyu yana hawa na huɗu a wani gini mai bishiyoyi a tsakar gida. Dillaliya ta faɗi hawan a hankali, kamar mai neman gafara. A harshensu kalmar huɗu da kalmar mutuwa kusan sautinsu ɗaya, shi ya sa gidajen wannan hawa suke daɗewa ba a saya ba, kuma sun fi sauƙi. Tsohuwa ta ƙi fitowa daga mota. Ni kaɗai na hau da dillaliya, na leƙa ɗakuna biyu da falo da baranda, na sauko da sauri don kada a bar dattijuwa tana jira a rana.

Na uku shi ne ya shiga ranta. Hawa na takwas, ƙofa tana kallon kudu, akwai ɗan tudu a baya, ana hango ruwa a gaba. Ta ɗora faifanta a tafin hannu ta zagaya ɗaki-ɗaki tana gyaɗa kai, har ta dafa ni ta yi murmushi karon farko. Ni ma na ji daɗi. Sai na shiga banɗaki, na zaro ɗan kamfas ɗina na neman alƙibla daga aljihu. A nan ƙasar, sallar da muka saba cewa a fuskanci gabas, yamma ake kallo. Masan banɗakin irin na tsuguno ne, kuma ya kalli alƙibla sak. Wurin matsattse ne, babu yadda za a juya shi.

Na fito na ce gidan bai yi ba.

Dillaliya ta dube ni, ta dubi kamfas ɗin, ta dafe kai. "Kai ma?" ta ce.

Lawban ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta karɓi kamfas ɗin ta jujjuya, ta kara shi kusa da nata, ta yi wata doguwar magana.

"Ta ce ashe kai mutumin kirki ne, kuna da tsari. Tana tambaya, in banɗaki ya kalli can, me ke samun mutum? Ciwo ko asara?"

"Ba ko ɗaya. Girmamawa ce kawai."

Ta gyaɗa kai ta mayar mini da abina da hannu biyu. Daga ranar, duk gidan da muka shiga, banɗaki take fara tura ni. In na fito na ce ya yi, sannan ta ciro faifanta. Mun shafe Asabar biyar a haka. Wanda ya yi mata bai yi mini ba, wanda ya yi mini yana kallon asibiti, ko titi ya miƙo ƙofarsa kamar kibiya. Dillaliya ta daina saurin tafiya.

Ana cikin haka takardun matata suka fito, ta iso. Na tare ta, na kai ta ɗakina, ta dubi kujerar da ke kan gado. Washegari ta ce a kai ta ta ga gidajen da kanta.

Da ta ga tsohuwa a mota sai ta rusuna har ƙasa ta ce, "Ina kwana, Inna?" Tsohuwa ba ta ji ko kalma ba, amma ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita, tana shafa lallen da ke yatsunta.

Matata ba ta da kamfas. A kowane gida kicin take wucewa kai tsaye, ta buɗe famfo ta ga ƙarfin ruwa, ta buɗe taga ta ga inda hayaƙi zai bi. Tana shafa bango da bayan hannu ta shinshina. A gidan hawa na takwas ta tambaya, "Malam, ranar da aka ɗauke wuta, wa zai hau da ni?" Na ce nan ba a cika ɗaukewa ba. Ta ce ita dai ba ta yarda da lif ba, akwatin da ke rataye da igiya. Da muka ƙare jerin, ta ce, "Shi ke nan? Ba saura?" Dillaliya ta dube ni, na dubi Lawban. Na ce akwai ɗaya, amma Inna ba ta son sa.

"Mu gani dai."

Ta hau hawa huɗun nan da ƙafa ba ta ko huta ba. Kicin ɗin yana da taga babba. Rana tana faɗowa a baranda tun hantsi, wurin shanya ya samu. Bangon a bushe yake, abin da sai daga baya na san darajarsa, lokacin da bazarar garin mai danshi ta zo bangayen mutane suka riƙa tsatsafar ruwa kamar randa. Daga baranda ta hango mata suna zaune a ƙarƙashin bishiya suna gyaran ganye, yara suna wasa a gabansu. Ta tambayi nisan masallaci da inda ake sayar da naman halal, na ce mota ɗaya ce. Na duba banɗaki, kudu ya kalla.

"Wannan ne," ta ce.

Na yi mata bayanin huɗu da mutuwa. Ta yi dariya. "Ni ce ta huɗu a ɗakinmu. Ka ce wa Inna ta dube ni da kyau."

Muka sauko, Lawban ya fassara yana sosa ƙeya. Tsohuwa ta dubi matata tun daga ɗankwali har takalmi. Sai ta buɗe ƙofar mota, ta miƙa mata hannu, suka hau tare a hankali, hawa ɗaya a huta. A ciki ta zagaya da faifanta fuska a ɗaure. Ta ce gado kada ya kalli ƙofa, murhu kada ya yi saitin famfo, sauran kuma da dama-dama. Hawan ne dai ba ta taɓa kiran sunansa ba. Har ta bar zuwa gidanmu, uku da ɗaya take cewa.

Ranar tarewa na gayyato wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya zo sarin kaya, mahaddaci ne, ya zauna a falo yana karanta Baƙara. Tsohuwa ta iso da buta da fanka da wani ɗan gunkin kwaɗo mai kwabo a baki. Na ce wa Lawban ya ba ta haƙuri, kwaɗon ba zai zauna ba. Ta mayar da shi jaka ba gardama, ta aiki ɗanta mota ya ɗauko ƙaramar bishiyar lemo a tukunya. Sannan ta ɗora ruwa a wuta ya yi ta tafasa, ta kunna fanka, wai iska ta motsa ruwa ya tashi. Alhaji ya kai aya ya ɗaga kai ya ce, "Madalla, shayi za a yi?" Matata ta zuba ganye a butar, kowa ya sha, har mai butar.

Abin da ba wanda ya duba a cikinmu shi ne wanda ke zaune a ƙasanmu. Matata ta zo da ɗan turmi da taɓarya a cikin kayanta, naɗe da zannuwa. Kwana uku da tarewa, da hantsi, ta zuba citta da barkono da kanumfari ta fara dakan yaji. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne da singileti da silifa, ya ce shi ne na hawa na uku, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Cikin ladabi ya tambaya ko gyaran da muke yi zai ɗauki kwana nawa, don fitilar falonsa tana rawa.

Na ce ba gyara ba ne. Na shigo da shi ya gani. Ya tsuguna ya leƙa turmin, ƙamshin yaji ya bugi hancinsa, ya yi atishawa sau uku a jere. Da ya share hawaye ya ce garinsu ma a ƙauye suna da irinsa, na dutse, amma a ƙasa ake ajiyewa, ba a kan mutane ba.

Matata ta ce in ba shi haƙuri. Ta ɗauki taɓarya, na ɗauki turmi, dattijo ya wuce gaba yana nuna mana hanya, muka sauka tsakar gida. Matan da ke ƙarƙashin bishiya suka matsa suka ba ta wuri. Ta ci gaba da dakanta, tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, yadda ta saba a gida. Suka bar ganyensu suka zagaye ta. Wata ta karɓa ta gwada cillawa, taɓarya ta faɗo mata a ƙafa, aka yi ta dariya har da mai ciwon.

Da na ga ba a buƙatar tafinta, na koma sama. Sai da azahar matata ta hawo, da rabin yajin, da ƙullin wani ganye da ba ta san sunansa ba, ta ce in tambayo mata yadda ake dafa shi. Turmin kuwa a ɗakin mai gadi ya koma zama.