Kwanon Ruwa a Kan Tantan ɗin Kawu Alu

Kullum idan aka idar da sallar asuba, Malam Isma'ila makanike yakan turo kekensa zuwa gindin tsamiyar nan da ke bakin hanyar Kibiya, daidai fita garin Rano. Sai ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa jiya bai taɓa su ba. Daga nan ya sha kunun da mai ɗakinsa Maijidda ta zubo masa, ya jingina yana kallon rana tana hawa kan duwatsu. Shekara arba'in da biyu yana haka, kuma ya ce da zarar an girbe dawar bana zai naɗe buhun.

Ni malamin firamare ne, ko fitilar babur ɗina ban iya canzawa ba. Abin da na gani da idona a garinmu Tarai shi ya sa ni wannan rubutu.

Kawuna, Kawu Alu, yana da wata tsohuwar tantan da ta girme ni nesa ba kusa ba. Shi da marigayi yayansa suka kawo ta garin tun suna samari, kuma ita ke kaftar gonakin danginmu kaf. Bana, ruwan shuka yana sauka sai ta kama haki. Injin ya yi sama kamar zai tashi, ya dawo ƙasa kamar zai mutu, ana kafa garma kuwa sai ta yi tari ta ɗauke. Makanikai biyu suka duba, suka ce famfon mai ya gama yawo, kuma irinsa ko a Kano babu. 'Ya'yan Kawu suka kira masu sayen tsohon ƙarfe, aka tsayar da Alhamis su zo su yanka ta. Kawu kuwa tabarma ya ɗauka ya koma inuwarta, tuwo ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ranar Laraba da sassafe na goyo Malam Isma'ila a babur. Bai yi wata doguwar tambaya ba. Ya zagaya tantan sau biyu, ya ɗora tafin hannu a jikinta, ya yi wa Gali direba alama ya tayar. Can sai ya sunkuya, ya zaro wani ƙyallen robar tayar keke da aka ɗaure sandar totur da shi, ya ɗaga sama kowa ya gani. Gali ya hau susar ƙeya. Ashe shi ne ya yi, ya kuma kwance sukurun da ke taƙaita gudun inji, wai don ya gama gona uku kafin sauran direbobi su gama biyu. Ya ce ai kowa haka yake yi a farkon damina. Ni da na so a ba shi rankwashi, amma Malam murmushi kawai ya yi.

Ya bayyana mana cewa cikin famfon akwai wani ɗan abu da ake kira gwamna, 'yan ƙarafa ne masu juyawa da sifirin guda. In garma ta yi nauyi ya ƙara wa inji mai, in ta yi sauƙi ya rage. Ya dubi Gali ya ce, "Famfo lafiyarsa ƙalau, ɗana. Kai ne ka ɗaure mata hannu, sannan kake mamakin ba ta cin abinci."

Ya buɗe murfin, ya wanke 'yan ƙarafan da kananzir, ya cire sifirin da ya saki, ya zaɓo wani daga cikin gwangwanin madara da yake yawo da shi. Amma ya ƙi saitawa a ƙofar gida. Ya ce tantan ba ta faɗin gaskiya sai a gona. Muka bi ta a ƙafa har gonar Kawu, ya sa aka kawo kwanon sha cike da ruwa, ya ɗora a kan murfin inji tana tsaye tana kuka.

Na leƙa cikin kwanon. Sama ce a ciki, da gajimare fari, tana farfashewa tana haɗuwa. Malam ya juya sukuru kaɗan, ya tsaya, ya zuba wa ruwan ido. Ya sake juyawa, ɗan ƙaramin juyi da ba ka ma ce ya motsa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, don iska ta kwanta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. A hankali ruwan ya daina tsalle, ya koma 'yar rawa siririya, zobe cikin zobe, gajimaren ya zauna daram. Ya sauke kwanon ya ce a kafa garma. Gali ya ja, Malam yana tafe a gefe, hannunsa a jikin ƙarfe, idonsa a kan hayaƙi. Ƙasa ta fara kifewa baƙa wuluk, belbelu suka sauko suna bin sawu, tantan kuwa ko tari ba ta yi ba.

Kawu Alu ya durƙusa ya damƙi ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Malam ya dawo ya tsaya dab da shi, ya ce, "Alhaji, yaya kukanta? Faɗa mini. Shekara biyu ke nan kunnena ya daina kawo mini shi."

Kawu ya kama kafaɗarsa, ya sa baki a kunnensa ya ce, "Irin na ranar da muka kawo ta ni da Yaya."

Da masu sayen ƙarfe suka zo ranar Alhamis, a gona suka tarar da ita, an kusa gama kaftu.

Malam Isma'ila, likitan tantan, na Maijidda! Kai ne ka gyara kukan da ba ka ji ba, ka mayar wa dattijo abin da ya rage masa na ɗan'uwansa. Daga Zinyau zuwa Madachi gonaki nawa aka shuka a kan kari saboda hannunka, ba a ko san sunanka ba? Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma samarin gareji masu saurin cewa abu ya mutu, ku je ku zauna kusa da shi tun bai tashi ba, ku koyi haƙurin duba ƙaramin abu kafin a yanke wa babba hukunci. In kun je, ku tsaya ta gabansa yadda zai ga bakinku, ku ɗaga murya ku gode masa.