Baba Sanda Baduku da Cokalin Sansani

Direban kamyon Filinge, babbar motar kaya, shi ne ya same ni ƙofar makaranta a Yamai, ya sauke hularsa, ya ce Baba Sanda baduku ya riga mu gidan gaskiya ranar kasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsohon soja ne. Jamusawa sun tsare shi a sansani ɗaya da wasu Sifaniyawa, can ya tsinci harshensu. Da darektan lakwal ɗinmu, wato makarantar bokon garinmu, Bafaranshe, ya ce kan ɗan ƙasar Kurfai irina na noman hatsi ne, kada in ɓata lokaci da jarrabawar Sifaniyanci, sai Baba ya kira ni rumfarsa.

"Zamna nan, ɗana," ya ce. "Su ma koyo sunka yi. Ba da shi anka haihe su ba."

Yakan ɗaga cokali ya ce la cuchara, in maimaita, sannan in faɗi kamanninsa. Sai dai Sifaniyancin Baba na fursuna ne. Ya san sunan bargo da ƙwarƙwata da wayar shinge, ya san yadda ake cewa abu ya tsage ko ya yi sanyi. Kalmar kyau kam bai taɓa koya mini ba, don bai ga mai kyau a can ba.

Ranar jarrabawa Baturen da ya zo jarraba mu ya turo mini kofinsa na shayi, ya ce in kwatanta shi. Na duba sosai, kamar yadda Baba ya hore ni, na ce tsoho ne, ya tsage, kuma da dauɗa. Fuskarsa ta yi ja. Ya duba kofin, ya ga ban yi ƙarya ba, ya ba ni makina.

Yanzu darektan nan ya aiko da takarda in rubuta cewa lakwal ce ta koya mini, don a sa cikin rahoton da zai kai wa gwamna. An nuna mini cewa gurbina a makarantar nan yana hannunsa. Ina jin tsoro, ban ɓoye ba. Amma jiya na mayar da takardar, na rubuta: Sanda, baduku, kasuwar Filinge. In sun ga dama su kore ni.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe kurakuransa. Matarsa Inna Hadiza da 'ya'yanta, Allah ya ba su haƙuri, ya tsare musu mutuncinsu.