Shirun Zuliha a Ɗakin Haihuwa

A wata tungar masunta da ke bakin tafkin Kainji, can ƙasar Ngaski, aka haifi Zuliha. Gidajen tungar ba su kai arba'in ba, kuma ko akuyar garin ka shinshina, ƙarnin kifi za ka ji. Ubanta ya rasu tana goye. Uwarta, Inna Dudu, ita ta rene ta da sana'ar banda. Ta koya mata yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, da irin itacen da hayaƙinsa ke sa kifi ya yi ja maimakon baƙi. Amma darasin da Dudu ta fi ba muhimmanci shi ne mace ba ta nuna ciwo. In ƙayar kifi ta soki Zuliha ta ja tsaki, sai Dudu ta ce, "Wanga ɗan abu? To ran haihuwa gari za ki tara muna ke nan."

Dudu tana da tarihin da take tinƙaho da shi. Haihuwa shida ta yi a durƙushe bayan ɗaki, ko kazar gidan ba ta ji motsinta ba. Biyu ne suka rayu cikin shidan, sai dai ba kasafai labarin ke kaiwa nan ba.

Zuliha ta auri Illo, mai jirgin ruwa mai inji da ke kai 'yan kasuwa Yelwa. Injinsa ya sha mutuwa a tsakiyar tafki, amma bakinsa bai taɓa mutuwa ba. Ita kuwa abin da ta so a wurinsa ke nan, don shi ke yin maganar da ita ba ta iya yi. Da ta sami cikin fari, shi ya dage sai a asibiti za ta haihu. Dudu ta ce lalaci ne na 'yan zamani. Illo ya ce, "Inna, zamanin ne ya kawo inji, kuma ban taɓa ganin kin ce a ba ki filafili ki tuƙa ba."

Naƙuda ta taso da safe, ranar kasuwa, cikin daminar 2019. Illo ya kwashe su a jirgi ya sauke su a wani asibitin kuɗi a Yelwa, mai ɗakuna huɗu, wanda allon ƙofarsa ya fi ginin kyau. Ya koma ɗaukar fasinja. Likitan mai asibitin ya tafi ɗaurin aure wani gari, ya bar nas guda ɗaya da marasa lafiya cike da baranda. Da hantsi nas ta duba Zuliha, ta ce naƙudar ba ta da ƙarfi, ta ɗaura mata ruwan naƙuda, ta ce in ciwo ya yi yawa a kira ta. Ta fita. Dudu ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna.

Ba a jima ba ciwon ya canza kama. Da can yana zuwa yana tafiya, yanzu ya zo ya zauna. Zuliha ta ji kamar ana matse cikinta da igiyar jirgi, ba a sassautawa ko na numfashi ɗaya. Ta cusa bakin zane a baki ta cije. Ta ji abin da ke cikinta yana harbi da ƙarfi, yana harbi, sannan harbin ya riƙa raguwa. Ta san uwarta tana bayan labule tana saurare, sai ta ƙara cije zanen.

Wajen azahar nas ta zo bakin ƙofa ta ce, "Yaya mai naƙuda?" Dudu ta ce, "Lahiya lau take." Nas ta wuce. Can an jima ta dawo, har ta kama labule za ta shiga. Dudu ta ce, "Bar ta da kunyarta, haihuwar fari ce. In abin ya zo ni zan kira ki." Nas ta dubi layin da ke jiranta a baranda, ta saki labulen. Zuliha ta ji duk wannan, kunnenta biyu.

Bayan la'asar yaro ya fito, jikinsa shuɗi-shuɗi, ba kuka. Nas ta juya shi, ta bubbuga shi, ta hura masa iska, ta daɗe tana fama kafin ya yi wani ɗan siririn kuka kamar na kyanwa. Ran suna aka sa masa Auwal.

Wata shida wuyansa bai tsaya ba. Shekara biyu bai zauna ba. Hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa a sanƙare, miyau ba ya tsayawa a bakinsa. Amma idan ya ji ƙugin injin ubansa daga nesa, sai ya wangale baki yana dariya, har Illo kan ce duk tafkin nan Auwal kaɗai ke yaba wa injinsa. A al'ada ɗan fari na kaka ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Zuliha ta riƙe rabin al'adar. Ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa. Amma wancan ɗin kullum yana bayanta, har ƙafafunsa suka fara dukan cinyoyinta.

Mutanen bakin ruwa kuwa suna da sunan da suke ba irin wannan yaro. Suka ce ɗan ruwa ne. Suka ce an ga Zuliha tana wankin kifi da almuru lokacin tana da ciki, mutanen ruwa suka ɗauke nata suka sa mata nasu. Maganin abin, a faɗarsu, a kai shi gaɓa a ajiye a juya baya, in nasu ne zai koma gida. Da farko a bayan idonta ake faɗa. Sai wata rana suna gyaran kifi, Dudu ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "In gwadawa ce kawai, ai ba ta kashe kowa." Daga ranar, ko kewayawa Zuliha za ta yi, da yaron a bayanta take shiga.

Auwal na da shekara huɗu wata mata ta tsaya sayen kifi a gabanta a kasuwar Yelwa. Rebecca sunanta, mutuniyar Shanga, lauya ce da ke tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da an biya ta ba. Ta taya kifi tayin wulaƙanci, Zuliha ta ce, "Wanga kuɗi ko kan kifin ba su saye." Rebecca ta yi dariya, sai idonta ya sauka kan yaron.

"Uwar gida, a ina anka haife shi?"

"Asibiti."

"Ya yi kuka da ya faɗo?"

Shekara huɗu ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Kowa almuru yake tambaya. Zuliha ta rufe kifinta da buhu, ta ba ta labari tun daga ɗaurin ruwa.

Rebecca ta kai su babban asibiti a Birnin Kebbi. Likitan yara ya duba Auwal ya ce iska ce ta yanke masa lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ya rubuta haka a takarda ya sa hannu. Da Rebecca ta roƙe shi ya zo kotu ya faɗi wanda ya yi sakaci, sai ya tuna aiki ya yi masa yawa. Likita uku ta nema, duk ukun aiki ya yi musu yawa.

Duk da haka ta ce za a iya kai ƙara. Ta bayyana musu cewa wanda ya ɗaura ruwan naƙuda ba ya barin mace, aikinsa ne ya riƙa shiga yana sauraron bugun zuciyar jariri, ko mai naƙudar ta yi kuka ko ba ta yi ba. Ta ce in an ci nasara za a sami abin kai yaro gashin ƙashi da sayen keken zama. Illo ya sosa ƙeya ya ce shi ko ƙofar kotu bai sani ba, kuma mutane za su ce sun kai ƙaddara ƙara. Zuliha ta ce, "Ba ƙaddara na kai ba. Wadda ta ɗaura mani ruwa ta tahi, ita da mai asibitin." Keken bai dame ta ba. Abin da take so alƙali ya faɗa da bakinsa cewa hannun mutum ne ya yi wa ɗanta haka, ta koma tunga da maganar, a daina nuna masa gaɓa.

Shari'ar ta ci kusan shekara biyu a babbar kotu. Sau shida ana ɗagawa. Yau lauyan asibiti ba shi da lafiya, gobe fayil ya ɓata, jibi an same shi. Illo ya ce ashe akwai abin da ya fi injinsa mutuwa a hanya. Da fayil ɗin ya bayyana, an rubuta a ciki cewa nas ta duba mai naƙuda sau biyu, ba wani koke.

Ranar da Zuliha ta ba da shaida, Auwal yana bayanta, Dudu tana zaune a benci na biyu. Rebecca ta ce ta faɗa wa kotu sunan yaron. Zuliha ta tsaya gyaran goyo har alƙali ya ɗaga kai daga rubutu. Sannan ta ce, "Auwal," da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. Bayan wannan sauran maganar ta zo da sauƙi. Ta faɗi igiyar da ta matse ta, ta faɗi harbin da ya ragu, ta ce nas ba ta sake taka cikin ɗakin ba sai da kai ya fito.

Lauyan asibiti ya miƙe, mutum mai taushin murya.

"Malama Zuliha, an ce in ciwo ya yi yawa ki kira. Kin kira?"

"A'a."

"Kin yi kuka?"

"A'a."

"Me ya hana ki?"

"Inna na bakin ƙofa."

Rebecca ce ta kira Dudu ta ba da shaida, don ta tabbatar nas ba ta shiga ba. Kwana uku tana koya mata ta amsa abin da aka tambaye ta kawai. Dudu ta yi alwala, ta rantse, ta amsa daidai. Sai lauyan asibiti ya tashi, ya rusuna ya gaishe ta kamar surukarsa.

"Inna, ku ne mutanen da. Matan yanzu kuwa sai raki, tun ciwo bai zo ba sun cika asibiti da ihu. Hala taki ma haka ta yi?"

Dudu ta gyara zama. "Wa? Ɗiyata? Ko tari ba ta yi ba. Ni na haife ta."

"To ai kuwa da nas ta zo, sai ta ji shiru."

"Sau biyu ta zo. Na biyun ma har ta kama labule, ni na ce ta bar ta da kunyarta. Mu ba mu saba a tsaya kan mace ana kallo ba."

Ta faɗi haka tana duban jama'a, tana jiran a jinjina mata. Rebecca ta ajiye biro a hankali. Lauyan ya ce, "Na gode, Inna," ya zauna. Sai da Dudu ta dubi fuskar 'yarta sannan ta gane an yi wani abu, amma ba ta san ko mene ne ba.

Ranar hukunci alƙali ya daɗe yana karatu da Turanci, tafinta yana gutsuro musu. Ya ce babu shakka iska ce ta yanke wa yaro wajen haihuwa. Ya ce amma ba likitan da ya zo ya shaida cewa ruwan da aka ɗaura ne sanadi, kuma shaidar masu ƙara da kanta ta ce ita ta hana nas shiga. Ya kori ƙarar. Rebecca ta ce ana iya ɗaukakawa, Zuliha ta tambaye ta ko a can ɗin za a sami likitan da aiki bai yi wa yawa ba. Rebecca ta tattara takardunta ta sa a jaka.

Kafin jirginsu ya isa tunga labari ya riga su. Ba wanda ya riƙe zancen iska. Abin da aka riƙe shi ne alƙali da kansa ya wanke asibiti, to in ba asibiti ba ne, saura wa? Washegari wata tsohuwa ta zo har gida ta ce ta san wanda ya iya kai irinsu gaɓa, ba a jin komai.

Zuliha ba ta kwana bakwai a tungar ba. Ta kama ɗaki a Yelwa, can wajen tashar mota, inda ko ƙamshin ruwa ba ya kaiwa. Illo yana kawo mata kifi, tana bandarsa a rabin ganga, tana sayar wa matafiya ta tagar mota. Auwal ya yi tsawo, goyonsa ya fara lanƙwasa mata baya, sai ta samo kwali ta shimfiɗa masa zane kusa da ƙafarta. Yanzu ƙugin manyan motoci yake yi wa dariya.

Duk ranar kasuwa Dudu takan biyo jirgin Illo. Ta tsufa ƙwarai a 'yan watannin nan, kuma ta daina ba da labarin haihuwarta shida. Takan zo da ɗan ƙunshin ƙuli-ƙuli ko gasarar koko, su gaisa, Zuliha ta ba ta kujera da ruwa, ta tambaye ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba su taɓa tayar da zancen kotu ba. In an jima Dudu takan miƙa hannu wajen kwalin ta ce, "Miƙo mani shi in ɗan riƙe maki." Zuliha takan ce, "Barci shi kai, Inna." Yaron kuwa idonsa biyu, yana kallon kakarsa. Dudu takan mayar da hannunta cikin mayafi, ta zauna har lokacin tashin jirgi.